Kardan Ya Karye, Majalisa Ta Zauna

Motar kat-kat ba ta lalacewa ita kaɗai a ƙasar Adar. Ko a kan fakon Keita ta tsaya, inda ido ba ya ganin komai sai baƙin dutse da ƙaya, kafin inji ya huce mutane sun ɓullo: mai jaki, mai babur, makiyayi da sandarsa a wuya, da wani dattijo da ba wanda ya ga ta inda ya fito. Kowa zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya faɗi ra'ayinsa. In taya ce ta fashe taron ba ya daɗewa, don taya ba ta da abin gardama. Amma in aka ce kardan ne, to a shimfiɗa tabarma a ɗora shayi.

Kardan, wanda kanikawan Sakkwato da Kano ke kira farfela, shi ne dogon bututun ƙarfen da ke kwance a ƙarƙashin mota, yana ɗaukar juyin inji daga akwatin giya ya kai wa aksil. Motar kat-kat kardan biyu gare ta, na gaba da na baya. A kowane ƙarshe akwai gaɓa, cikinta da kuros, ƙarfe mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa sanye da ƙoƙo cike da 'yan allurai da ke iyo a giris. Akwai kuma wani wuri mai haƙora inda bututun ke shiga yana fita, domin in mota ta faɗa rami aksil yana motsawa, tazara tana ƙaruwa tana raguwa. Iyakar abin ke nan. Ƙasar ce ba ta raga masa. Da ka sauka daga babbar hanya ka nufi Tama ko Garhanga ko Urno, hawa ne da gangara a kan duwatsu. Da damina ruwan Majiya da na Tarka su wanke giris su cusa rairayi a madadinsa, da rani kuma lodin albasa ya danne sifirin har ya miƙe.

Neman madadinsa ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Ana son tsawonsa daga faifai zuwa faifai, da tazarar ramukan notin nan huɗu, da girman kuros, da lambar shasi. Metir da guntun takarda sun gama aikin. Abin da ke ba ni sha'awa da wannan majalisa shi ne, kowane ɗan cikinta yana da abin da ya ajiye a gurbin metir, kuma da shi ake gane shi.

Direba ne ke fara magana, kuma maganarsa ɗaya ce daga Bangi har Tamaske: "Wallahi Alhaji, jiya lahiya lau take." Wannan shi ne Jiya-Lahiya. Kuros kuwa ba ya mutuwar fuju'a, jinya yake yi, doguwa, da sanarwa. Yakan fara da ɗan ƙiƙi-ƙiƙi in mota na tafiya a hankali. Sai ya koma "ƙwas" duk sa'ad da aka saki kuloci ko aka sa ribas. Sai jan gari irin na tsatsa ya fara fitowa a bakin ƙoƙunan, alamar allurai sun bushe suna cin junansu. Daga ƙarshe mota ta kama karkarwa in ta ɗauki gudu, har madubi ya daina nuna komai. Jiya-Lahiya yana da maganin kowanne. Na farko ya ƙara muryar rediyo. Na biyu ya ce dutse ne ya bugi ƙasan mota. Na uku bai gani ba, don rabonsa da shiga ƙarƙashi tun yana aparanti. Na huɗu ya ɗora wa taya. Kuɗin giris kuwa yana karɓa kowane wata ba fashi, kuma a gaskiya akan ga maiƙo, sai dai a leɓensa ake gani, in ya baro wurin mai balangun tasha.

In Allah ya taƙaita, gaɓar baya ce ke tsinkewa, bututu ya ja ƙasa yana buge-buge. In ta gaba ce, kan ƙarfen ya faɗi ya soki ƙasa mota na gudu, sai dai a yi salati, don yana iya cilla bayan motar sama. Ko a nan Jiya-Lahiya zai fito yana kaɗe riga ya ce abin daga Allah ne. Ba wanda ya musa.

Bayansa sai Gwani Mai-Ido, bakaniken da ya ɗauki awo zagi. Ya tsufa a ƙarƙashin motoci, kuma ba na raina shi: da jin ƙara daga nesa zai gaya maka gaɓar da ta mutu, ba ya kuskure. Cutarsa tana tashi ne in an zo maganar tsawo. Zai runtse ido ɗaya, ya karkata kai, ya ce, "Kamu biyu da taƙi." Kamun wa? Nasa. Wanda za a aika Ƙonni kuwa yaro ne, mai shagon da zai karɓi saƙon kuma wani zabgegen mutum ne mai hannu har gwiwa. In ka matsa masa sai ya sassauto, ya aika a karyo karan dawa, ya shiga ƙarƙashi ya gwada, ya datse da haƙori, ya miƙa wa yaron: "Kai musu wanga, shi na tsawon." Karan zai hau babur, ya hau mota, a zauna a kansa a Galmi, a ɗaura masa kaji a Tsarnawa, ya isa Ƙonni da guntun baki. Ba a nan kaɗai ɓarnar take ba. Gwani ya yi awonsa ne mota na kan jak, ƙafafun baya na lilo, aksil ya sauka. Awon da ake so shi ne na mota tana tsaye da ƙafafunta a kan fili, don a bar wa haƙoran nan wurin shiga da wurin fita. Kardan da ya yi tsawo zai riƙa tunkuyin akwatin raba ƙarfi tsakanin gaba da baya duk ramin da aka faɗa, har ya fasa shi. Wanda ya gajarta kuma, ranar da ƙafa ta rataya a bakin ƙorama sai ya zare ya faɗi. Faɗa wa Gwani wannan ka ji: "Kai, tun ba a haihe ka ba nike wanga aiki."

Amininsa kuma abokin gardamarsa shi ne Duk-Guda-Na. Shi ba bakanike ba, ba direba ba, ya dai taɓa mallakar mota can baya, kuma daga wannan zamanin ya fito da aƙida ɗaya: Toyota Toyota ce. "Yo ba Japan guda tay yi su ba? Duk guda na!" A bayan gidansa akwai gawar wata mota da kaji ke kwana ciki, kuma duk abin da ya lalace a garin, a ganinsa, akwai shi a jikin gawar nan.

Da zai saurara da na ba shi labari. Land Cruiser ɗin nan ta daji, 'yar gidan 70, ta fito ne a 1984, kuma har yau ana ƙera ta, shi ya sa ido ke ruɗuwa: jiki kusan ɗaya, ciki dabam-dabam. A-kori-kura ta 75, tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya milimita 2,980 ne. A 1999 aka kawo 79, tazarar ta koma 3,180, aka sa mata sifirin mai naɗi a gaba, notin ƙafa ya sauka daga shida zuwa biyar. Santimita 20 ke nan, kusan taƙi guda, kuma kardan na baya ne zai cike shi. Ita 78 mai rufi, wadda ƙungiyoyin agaji da motocin asibiti suka fi so, ta zauna a kan 2,980 ɗin. Sai maganar inji. Akwai 1HZ na gazuwal mai silinda shida da lita 4.2 wanda ya fito a 1990, akwai masu shan esans, akwai V8 da ya zo a 2007, kuma ba akwatin giya ɗaya ke bayansu duka ba. In akwati ya ƙara tsawo, kardan na baya ya ragu, na gaba ya ƙaru. Hilux kuwa wani dangi ne dabam, da yawansu kardan na baya gida biyu ne, da boris a tsakiya rataye a jikin shasi.

Duk-Guda-Na zai saurari wannan duka yana gyaɗa kai, ka ƙare ya ce, "To ai shi na nike hwaɗi." Ya aika a kwanto na gawarsa. In ramukan noti ba su hau ba, ba ya ganin laifin kardan, ramukan ne suka yi taurin kai, a kawo magagari a buɗa su. In biyu suka shiga biyu suka ƙi, sai ya ce biyun ma sun isa, ai ba Makka za ta ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma a wurinsa wannan maganar mutane ce, ba ta shafi ƙarfe ba.

Daga nan sai kasuwa, wurin Alhaji Akwai-Shi. Shagonsa bai fi ɗaki ɗaya ba, amma tun da ya buɗe shi "babu" ba ta taɓa fita bakinsa ba. Kafin ka ƙare faɗin irin motar ya ce, "Akwai shi. Zamna." Ya sa a kawo kujera da ruwan leda, ya kira yaronsa ya raɗa masa magana, yaro ya hau babur ya ɓace. Ashe sauran shagunan garin yake zagayawa, waɗanda ka riga ka taka da ƙafarka da safe, yana tambayar abin da ka tambaya. In ya dawo hannu rabbana, Alhaji ko gezau: "Shina magaza, mai makulli ya tahi jana'iza." Gobe kuma, "Shina bisa hanya, ya baro Sakkwato." Rufe iyaka ya yi wa bawan Allahn nan rana. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har Maris na 2024, kuma a lokutan nan kaya sun yi wuya da gaske, kowa ya shaida. Sai dai har yau labarin buɗewar bai iso shagon Alhaji ba.

In kaya suka zo kuma, sai darasin asali. Kardan huɗu zai jera maka a ƙasa: wannan orijina, wannan ɗan Dubai, wannan Beljik, wannan na Sin "amma mai kyau". Ɗan Dubai an kwanto shi ne daga wata mota a wurin 'yan gwangwan na Sharja aka loda a kwantena. Beljik tsoho ne daga ko'ina a duniya, har da bayan gidan Duk-Guda-Na. Dukansu baƙi ƙirin, wani fentinsa har yana kama hannu. Mai wayo yakan kankare fentin da ƙusa ya duba ko akwai ɗinkin walda a tsakiyar bututu, ya kama gaɓa da hannu biyu ya murɗa ya ji ko tana da wasa, ya ja wurin haƙoran ya girgiza, ya bi bututun da tafin hannu ko akwai lotsawa. Alhaji ba ya son irin wannan mai saye. "Ɗana, saye kaz zo yi ko bincike?" Ka tambaye shi, in bai hau ba za a maido? "Ai sai ya hau."

Wanda ya gaji da Akwai-Shi sai ya tuna yana da ɗan'uwa. Da wuya ka samu gida a Adar da ba shi da mutum a waje. Ci-rani ya kai su Kano da Legas da Abijan da Libiya, mutanen Tamaske kuma ko ba ci-rani fatauci ya kai su. Ɗan'uwan nan, Turo-Hoto, yana da kirki da zafin nama, kuma bai san komai a mota ba, shayi yake sayarwa. Amma yana kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya san wani da ya san wani a Ladipo ta Legas. "Kawu, kar ka damu, turo hoto ta WhatsApp." Aka ɗauki hoton da magariba, a ƙarƙashin mota, yatsa ya rufe rabi. Shi ma ya turo nasa daga can, kardan jingine da bango. A hoto kuwa duk kardan taɓarya ne: dogo, baƙi, mai kai biyu. Aka yi ta musayar saƙon murya, kowanne rabinsa gaisuwa, ina gida, ina yara, ya jikin Inna, can a ƙarshe a ce, "To shi na, saye." A je wurin ɗan canji a mai da sefa naira, a tura, a jira. Ranar da ya iso, an naɗe shi da buhu da kwali, an ɗaure da roba, har da tsarabar atamfa ta Inna. Aka kwance, sai ga kardan lafiyayye sumul, na gaba. Na baya ake nema. Mayar da shi wata asarar ce, faɗa wa Turo-Hoto gaskiya kuma ɓata zumunci ne, don haka sai a kira shi a ce ya hau daidai, Allah ya yi albarka. A jingine shi a zaure.

Yanzu ne mai walda ke gyara zaman tabarau. Tun farko yana gefe yana murmushi, ya san duk inda aka je wurinsa za a dawo. Shi ba ruwansa da 75 ko 79: dogo a rage, gajere a ƙara. A nan sai an yi adalci, domin yanke kardan a sake haɗa shi sana'a ce ta gaske. A manyan garuruwa irin su Maraɗi da Kano akwai masu injin fiƙe ƙarfe da ke cire kan bututu daidai ɗinkinsa na asali, su rage, su mayar, su juya shi a inji har ya daina rawa kafin su liƙe. Wanda nake nufi shi ne Yanke-Mu-Gani, mai janareto da zarto da bulo biyu. Yakan yanka a tsakiya, ya zura guntun bututun famfo, ya bi da wuta. 'Yan guntayen ƙarfen da masana'anta ta manna a jiki don daidaita nauyi, shi a ganinsa datti ne, sai ya kankare su aiki ya yi kyau. Kunnuwan gaɓar gaba da na ta baya dole su kalli fuska ɗaya, domin kuros in yana aiki a karkace yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, gaɓa ta biyu ce ke goge abin da ta farko ta jawo. Yanke-Mu-Gani yana haɗa su ne yadda hannunsa ya faɗa. A giya ta ɗaya da ta biyu mota lafiya lau, ya karɓi kuɗinsa, an yi musabaha. Da an hau kwaltar Madawa zuwa Maraɗi aka taka, sai haƙoran fasinja su fara kaɗawa. Ƙarfen da ke juyi sau dubu biyu da wani abu a minti ɗaya ba ya yafe karkata komai ƙanƙantarta. In ka koma masa da ƙorafi, amsa a shirye take: "Sabo na, bari shi zamna." Kafin ya zauna, boris ɗin aksil da na akwatin raba ƙarfi sun biya bashin.

Akwai ƙananan 'yan majalisa da ba sa taɓa ƙarfe, amma taro ba ya cika sai da su. Ga mai albasa, wanda buhunansa ke kan motar, yana duban rana yana duban buhu. Shi duk abin da ya fi sauri shi ne daidai, ko da igiya ce. Ga mai cewa baki ne, tun ranar da aka sayo motar mutane ke magana. Sai Mushe Lojistik na ƙungiyar agaji, mai farar 78 da doguwar eriya, wanda ya san lambar da ake nema harafi da harafi, amma ko noti ba zai iya saye ba sai ya tara takardar farashi daga shago uku, an sa hannu a Tawa, an buga hatimi a Yamai. Alhaji Akwai-Shi yakan taimaka masa da duka ukun.

Wanda na fi ƙauna a cikinsu shi ne Baba Zamanin-Froje. Ba ka rasa shi a Keita ko Ibohaman: dattijo mai tsabtar riga, ya yi tuƙi a Froje Keita, babban aikin raya karkarar Adar-Dutsi-Majiya da aka fara a 1984 zamanin Janar Seyni Kunce, da kuɗin Italiya da hannun FAO, Shirin Abinci na Duniya, PAM, kuma na biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka fi yawa a masu jidar duwatsun da aka jera a tuddai don tare ruwa, kuma Baba ba ya gajiya da faɗin haka. Ba ya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya wuce nan. Yana zaune a tabarma yana jira a yi shiru, sannan ya fara: "Zamanin froje, kowace mota da littahinta. Kilomita kaza, giris. In kab biyo ruwa, ko jiya anka yi, a sake. Shugaban gareji shi duƙa shi taɓa da yatsa, in wuri guda ya bushe, ranar ba ka hita." Abin da ya faɗa shi ne maganin cutar tun daga tushe: a dinga bugawa da famfo har sabon giris ya tunkuɗo tsohon ta ƙoƙunan huɗu, a ɗan sa a wurin haƙora, a cire kat-kat in an hau kwalta don kada ƙarfe ya murɗe. Sai dai Baba ba ya tsayawa a nan. Daga giris sai magazan froje, inda kowane ƙarfe ke da takarda rataye a wuya. Daga magaza sai Baturen Italiya da ya taɓa ba shi agogo. Daga agogo sai farin 1984 da dabbobin da suka ƙare. Kafin ya dawo kan kardan an kira azahar. Ka ce, "To Baba, yanzu ina za mu samu?" Sai ya buɗe hannu: "A'a, wanga kuma ku ɗiyan zamani kunka sani."

Duk wannan surutun ana yin sa ne a kan wani da ke kwance a ƙasa, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Aparanti ba shi da suna a majalisa, "kai yaro" ne. Shi ya kwance notin ƙasa na zubo masa a ido, shi ya karta alama da ƙusa a faifai da wurin haƙora don a mayar yadda aka samu. Ya yi lekol har aji shida kafin a cire shi, don haka yana iya karanta farantin da masana'anta ta liƙa a jikin mota, mai ɗauke da irin motar da injinta da akwatin giya da aksil, ga kuma lambar shasi da ke kan kart-giriz, wadda a motocin da ba su tsufa sosai ba harafi da lamba 17 ce. Da wannan lambar, wakilin Toyota a Yamai, CFAO, ko duk mai shagon da ke da kundin kaya a kwamfuta, zai fitar maka da lambar ƙarfen kansa. A Land Cruiser, lambar kardan na baya tana farawa da 37110, ta na gaba da 37140, ta kuros da ƙoƙunansa da 04371, biyar ɗin ƙarshe su ke raba wannan mota da waccan. Da an rubuta wa Turo-Hoto waɗannan goman, da atamfar Inna ta zo da abokin tafiya na kirki.

Yaron ya san wani abu kuma da lamba ba ta sani ba. Motocin kasuwa na wannan yanki, da wuya ka samu wadda take yadda ta baro Japan. Shasi na 75, inji an sauya, akwatin giya an ciro daga wata da ta yi hatsari, an ƙara ganyen sifirin don lodi har bayanta ya ɗaga, gaɓoɓin kardan suna aiki a karkace fiye da yadda aka tsara. Kart-giriz labarin marigayiya take bayarwa. A irin wannan sai metir, sai kuma a ɗauki tsohon kardan ɗin kansa, da karayarsa da komai, a ɗaure a bayan babur, a je a shimfiɗa shi gefen sabon, faifai da faifai, rami da rami. Sau da yawa ma bututun lafiyarsa lau, kuros kaɗai ya mutu, a buge shi a sa sabo a wuce wurin. Aparanti ya faɗi wannan tun da hantsi, daga ƙarƙashin mota, murya ƙasa-ƙasa. Gwani ya ce ya miƙo sifana sha huɗu ya rufe wa mutane baki. Da la'asar, bayan an sha shayi na uku, Gwani zai yi gyaran murya ya ce ya yi tunani, kamata ya yi a ɗauki tsohon a tafi da shi. Majalisa ta ce kai, gwani gwani ne.

Saura mai mota, Alhaji A-Lallaɓa, wanda hukunci ke hannunsa. An jera masa hanyoyi: sabo daga Yamai da lamba, jika kaza, ɗan Dubai daga Maraɗi da awo, jika kaza, kuros kaɗai in bututu ya tsira, kaza. Yana jin kowanne yana jan carbi, carbin yana ƙara sauri daidai da yawan jikkunan. Can sai wani ya ambaci dabarar da direbobin daji suka sani. In kardan na baya ya mutu inda ba mataimaki, a kwance shi gaba ɗaya a jefa a bodi, a kulle ƙafafun gaba, a sa kat-kat, mota ta ja kanta da gaba a hankali har gari. Dabarar fid da kai daga daji ce, ba lodi, ba gudu, don kardan na gaba da aksil ɗinsa ba a yi su don jan mota da kayanta kullum ba. Sai carbi ya tsaya.

"Kana nuhin tana tahiya hakanan?"

"Tana tahiya, Alhaji, amma zuwa gareji kawai."

"Yo in tana zuwa gareji, mi za ya hana ta zuwa kasuwar Tunfafi?"

"Alhaji, da buhu ashirin a bayanta?"

"A rage biyu. A lallaɓa hakanan har a ƙare kwasar albasa. In Allah ya kai mu sai a sawo sabo, orijina."

Alhaji Akwai-Shi, da ya ji hukuncin, bai ce uffan ba. Bayan isha'i ya bi mai motar har gida, aka gaisa, aka taɓa zancen albasa. Zai tashi ke nan sai ya ce, af, kardan na gaban nan da ke jingine a zaure yana tare hanya, ba ya da amfani ga kowa, amma saboda zumunci zai ɗauke shi a rabin kuɗi. Da safe ya aiki yaro sayen baƙin fenti.